Ambulan ɗin Inna Joda

Dogo Nini, Potiskum
3 ga Mayu

Zuwa ga Malam Basiru, malamin ajin manya na Maine-Soroa, Nijar.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Sunana Mimidoo Terkula, ni ce sabuwar malamar ajin yaƙi da jahilci na nan. Bara na gama jami'a, wannan ne aikina na farko, in na yi kuskure a gyara mini.

Ga wasiƙun musayar ɗalibai na wannan wata a hannun Mu'az direba. Ɗalibaina goma sha takwas ne, amma sha bakwai za ka gani. Na riƙe ɗaya.

Ta Inna Joda ce, wata dattijuwa mai tallar nono. Wata biyar tana zuwa aji, ba ta taɓa fashi ba. Ɗanta ta rubuta wa, wanda ya tsallaka wajenku da shanu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sai dai ta bar bayan ambulan fari fat, alhali takardar shirin ta ce mai wasiƙa ya rubuta sunan mai karɓa da hannunsa. Na ce, "Inna, sunansa fa?" Ta ce, "Wancan ne." Na ce, "Wancan wa?" Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Ke 'yar nan, boko ya cinye miki kunya ne?" Ajin duk aka kwashe da dariya.

A garin nan aka haife ni, na san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Amma a ganina rubutu daban, faɗa daban. Na ce zan ajiye har ta rubuta. Ina fata na yi daidai.

Ka huta lafiya.
Mimidoo

Maine-Soroa
17 ga Mayu

'Yata Mimidoo,

Na ga saƙo, na gode, ina gaida iyayenki. Ke kuwa, wanda ya tsara takardar nan a ofis bai taɓa zama da Bafulatana ba. Hannun Inna ai nata ne kamar bakinta, abin da baki ya ƙi hannu ba zai yi ba. Ko shekara za ki yi kina jira.

Akwai wani makiyayi a ajina, Bubayaro, mutumin wajenku. Ya shigo tun da ya ji za a riƙa kawo wasiƙu daga Potiskum. Can baya yake zama. Ran da na buɗe jakarku ina kiran sunaye, ya yi ta gyara igiyar takalmi har na gama, ya tashi ya fita. Bai tambaya ba, ba kuwa zai tambaya ba, shi ma ɗan gidan kunya ne. Ki tambayi maƙwabta ko shi ne ɗan Inna, ki aiko da wasiƙar yadda take. Kwana biyu ba ya jin daɗin jikinsa.

Allah ya yi miki albarka.
Basiru

Potiskum
7 ga Yuni

Malam,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta yi kwana ashirin a hanya, motar Mu'az ce ta lalace a Gaidam. Jiya ta iso. Na je wajen maƙwabciyar Inna, ta ce shi ne, ba ta ko ɗago kai daga tankaɗen da take yi ba. Ashe tambaya ɗaya ce. Na kira lambarka sau biyar, ba ta shiga.

Ga wasiƙar Inna, ban rubuta komai a bayanta ba. Kwananta talatin da biyar a jakata. Don Allah ka sanar da ni ya jikinsa.

Mimidoo

Maine-Soroa
10 ga Yuni

'Yata,

Bayan gaisuwa, sai haƙuri. Bubayaro ya rasu ranar biyar ga wata, zazzaɓi ne. Wasiƙar ta iso ranar tara.

Na kai wa matarsa a ruga. Ta ce in buɗe. Layi uku ne: "Ina lafiya. Saniyar da ka bar mini ta haihu sau shida. Damina ta kusa, hanya za ta yi ciyawa." Matar ta ce, "Kiransa take yi." Ta ninke ta sa a cikin ƙwarya.

Kada ki ɗora wa kanki, kwanansa ne ya ƙare.

Basiru

Potiskum
24 ga Yuni

Malam,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka ta'aziyyar ɗalibinka.

Labarin ya riga ni isa, makiyaya sun kawo. Na samu Inna a zaune a kan tabarma, mata na kuka a gefenta, ita idonta a bushe, don ko kukan ɗan fari ba ta yi a gaban mutane. Na durƙusa na faɗa mata komai: ranar da ta ba ni, ranar da na aika, ranar da ta isa. Maƙwabciyar tana ta taɓa ni in yi shiru. Na kasa. Na ce, "Inna, ni na riƙe."

Ta ce, "Tashi, Malama, zanenki zai yi datti." Can ta ce, "An ce wancan ma yana zuwa makaranta. Ya iya?" Na ce ban sani ba, zan tambayo.

Mako biyu ke nan ba ta zo aji ba. Kullum ina kiran sunanta a rajista, ban san me zan rubuta a gabansa ba. Ba na iya cin abinci sosai.

Malam, ina ya kai a karatu? Kada ka sassauta mini. Abin da ka rubuto shi zan karanta mata, ba ƙari ba ragi.

'Yarka,
Mimidoo

Maine-Soroa
8 ga Yuli

'Yata,

Kin tambayi inda Bubayaro ya kai. Ya gama littafi na ɗaya tun watan Afrilu. Da yatsa yake bi, yana motsa baki. Layi uku ba za su gagare shi ba.

Ki gaida mini Inna.
Basiru