Bedin Ƙofar 'Yandaka

Daren Laraba, tsakiyar bazara, shekara guda da komawar soja bariki.

Yau ma na dawo daga ofishinmu na tsara gari jiki ba ƙwari. Filin nan na bayan Ƙofar 'Yandaka, wanda na shafa wa kore a taswira don a bar wa unguwa wurin shan iska, kansila ya ce a yanka shi shaguna. Itatuwan bedin da ke ciki duk sun girme ni.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, unguwar nan ba ta da wata inuwa. Nan tsofaffi ke wuni, nan ruwan damina ke kwanciya maimakon ya faɗa gidaje."

Sai ya yi dariya. "Malam Isa, inuwa ce ta zaɓe ni? Samari sun sha rana a layi sun jefa mani ƙuri'a, mi zan ba su, ganye? Kai gobe ana sauya maka wurin aiki ka koma Kontagora wajen iyalinka. Mu muna nan."

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya ya yi ba. Samarin ba su da wurin sana'a. Soja ma a zamaninsu sun sare itatuwa a wasu filayen, su ko tambayata ba su yi.

Da la'asar na bi ta filin. Malam Ɗanjuma mai ɗinkin hula ya matsa mini a tabarma, ya ce, "Baƙonmu, an ce kai ka tsaya mana. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin. Takardar amincewa da yanka filin tana aljihuna, tun azahar na sa mata hannu.