Buhu Biyu na Kafur

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma tarin da ya sa ƙaramin a gaba ya lafa. Ni lafiya lau, karatun haɗa magunguna yana tafiya, duk da cewa na girmi kowa a ajin har suna kirana Umman aji.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar Talata aka fara mana darasin kimiyyar sinadarai. Malamin ya ce duk abin da ke da nauyi yake kuma cin wuri, cikin hali uku ake samunsa: daskararre kamar dutse, mai ruwa-ruwa kamar mai, ko iska kamar tururi. Ya ce wani abu tsantsa ne, wani kuma gauraye, wanda za a iya rabawa. Don mu gani da ido, ya daka kafur, ya cuɗa shi da yashi a kofin gilashi, ya rufe da faranti mai ƙanƙara a kai, ya ɗora a kan 'yar wuta. Ina jira in ga ya narke. Bai narke ba. Yashin ya zauna a ƙasa, kafur ɗin ya ɓace, sai ga shi fari fat ya manne a ƙarƙashin farantin. Malam ya ce kafur yana cikin abubuwan da ke tashi daga daskararre su koma iska kai tsaye, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Wuta ma ba dole ba ce, zafin ɗaki ya isa.

Na ɗaga hannu na tambaya: idan buhu biyu ne, ledar cikinsu a yage, a sito mai rufin kwano, wata biyar na zafi? 'Yan aji suka yi dariya, wai Umman aji za ta buɗe shago. Shi kuwa ya ce duk wanda ya yi haka ya yi wa iska sadaka.

Kin gane inda na nufa. Shekara tara ke nan da Baba ya auna kafur ɗin da ya saro, karo na farko kuma na ƙarshe, ya tarar kilo tara babu. Mukullin sito yana hannun ƙaninsa, Baffa Dogo. Kin tuna yadda aka tara dangi a falo, Baffa ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, ya kwashe kayansa shi da matarsa suka bar gidan. Kuma kin tuna wadda ta ce kullum rigarsa warin kafur take. Ni ce. Ina da shekara goma sha biyar, ina jin daɗin manya suna saurarona. Mutumin da ke wuni a sito, warin me zai yi? Har farin abin nan mai kama da gishiri da ke fitowa a gilashin tagar siton na tuna. Da farce nake kankare shi.

Zan je gida Asabar. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na samu saƙonki, na kuma ji shawararki cewa in fara da Umma, kada in tada wa Baba hawan jini. Haka na yi.

Na same ta tana ninke kaya a ɗakinta. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da zane a bayan takarda. Ta bar ni na gama, sannan ta buɗe akwatinta ta zaro wani ƙullin kafur da ya koma kamar ƙwayar gero, ta ajiye mini a tafin hannu. Ta ce sai da na biya kuɗin makaranta na san wannan? Kowace mace mai akwati ta san kafur cinye kansa yake.

Ta ce ranar taron tana asibiti wurin jinyar Kaka, da ta dawo an riga an gama. Ta gaya wa Baba a makon. Ya shiga siton shi kaɗai, ya daɗe, ya fito ya ce kada ta sake tada zancen, domin ya riga ya yi magana a gaban dangi, kuma wanda ake zargi bai musa ba.

Yaya, Baba ya sani. Shekara tara muna cin abinci da shi, ana ambaton Baffa yana kau da kai, ashe ya sani. Na leƙa falo na gan shi yana gyara rediyonsa, ya ɗago ya ce, "Likitar gidanmu, an zo?"

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: me ya hana Baffa kare kansa? Na karɓi kwatancen gidansa a wurin Umma. Ki yi mini addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na je.

Ɗaki biyu suke haya a bayan wata ma'aikatar katako inda Baffa yake gadi. Ya yi furfura, ya ɗan ranƙwafa, amma da ganina ya ce 'yar tsakar gidan nan ce ta zama mace haka? Matarsa, Inna Tela, tana bakin ƙofa a kan keken ɗinki. Ta kawo mini ruwa ta koma ɗinkinta.

Na durƙusa na roƙi gafararsa, na faɗi abin da na gani a aji. Na zaci zai yi fushi, ko ya yi murna. Sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Wato ba wanda ya ɗauka? Ko mutum ɗaya?" Na ce ko ɗaya, Baffa.

Ya waiwaya ya dubi matarsa. Keken ya tsaya.

A nan na ji dalilin shirunsa. A ƙarƙashin matashi yake ajiye mukullin, kuma ita kaɗai ta san wurin. A watannin nan ne ta sayi wannan keken. Da aka ce kaya sun ragu, ya san ba shi ba ne, sai ya ɗauka ita ce. Ya gwammace a kira shi ɓarawo da a kira ta. Bai taɓa tambayarta ba, bai kuma sake barin mukulli a inda hannunta zai kai ba, har yau.

Ita kuwa 'yan kunnenta na gado ta sayar ta sayi keken, kuma ta gaya masa a lokacin. Bai yarda ba ne kawai.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire zaren daga allura, ta rufe keken da ƙyalle, ta ce, "Ni na tsaya maka a gaban 'yan'uwana, na ce mijina ba ya sata. Ashe kai a zuciyarka ni ce ɓarauniyar."

Na miƙe na yi musu sallama.

Da ta rako ni titi ta ce ita da mijinta za su yi tasu maganar, wannan ba ruwana. Amma ranar Lahadi za ta zo gidanmu. Tana so a tara duk wanda ya zauna a falon nan wancan karon, ni kuma in tsaya a inda na tsaya, in faɗi abin da na koyo da irin muryar da na yi shaida da ita. Na amsa mata.

Na gaya wa Baba jiya. Ya kashe rediyon, ya tambaye ni ƙarfe nawa za ta zo.

Yaya, ke ma kina falon a ranar. Ki taho.

Ƙanwarki,
Auta