Wa Zai Wanke Gyambon Tukur

Litinin, 3 ga Maris, 1997
Babban yaron gidan nan, wanda mutane ke kira Tukur, ya dawo daga Ikko. Yana tafiya ƙafa a ware kamar wanda anka yi wa kaciya jiya. Haka na faɗa a shagon ɗinkina, rabin Tudun Wada ta yi dariya. Ya ji.

Asabar, 8 ga Maris
Sodangi wanzami ya duba shi. Ƙuraje ne masu ruwa a gabansa, sun fashe, sun haɗe, sun zama gyambo tun kafin azumi. Ni, babban likita mai aji huɗu na firamare, na yanke hukunci: sakiya. Anka ɗora ƙarfe mai wuta. Ihunsa har bakin titi. Na ce, "Daɗin Ikko ne ke fita, yi haƙuri."

Juma'a, 14 ga Maris
Fitsari ya ƙi fita, sai asibiti. Likita ya ce ƙurajen nan a jikin mai lafiya bushewa suke yi da kansu, amma ƙanjamau ta cinye ƙarfin jikinsa, shi ya sa suke yaɗuwa. "Wa ya sa mai wuta?" Na ce wani jahili ne. Ban yi ƙarya ba. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a riƙa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, in ba haka ba ruɓa ta shiga jini.

Laraba, 19 ga Maris
Wa zai wanke? Shi ko zama ba ya iyawa. Sodangi ya ce ko aski ya daina yi mana. Uwarsa Inno ta ce, "Haba Malam, ɗan fari? Sunanai ma ban faɗi, in dubi tsiraicinai?" Ni ma ɗan farina ne. Kunya ce kaɗai gadon da ubana ya bar mani, ba na wasa da ita. Mun mai da shi zaure, jikin shagona, butarsa daban.

Alhamis, 27 ga Maris
Wari. Ƙudaje sun fi mu zumunci.

Talata, 1 ga Afrilu
Yaron ya ce, "Baba, ja ƙyauren, kada masu kawo ɗinki su guje ka."

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na ɗumama ruwa da kaina. Saboda ciniki ne, warin ya kai shago. Ya rufe fuska da hula, ni na ɗaura leda a hannu. Inda ƙarfen ya sauka ya fi ko'ina zurfi. Gishirin Inno ya kusa ƙarewa. Gobe in biya kasuwa.