Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Maman yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya mai jego da jaririyar? Ki gaya wa amaryar tawa angonta na nan tafe.

Bayan haka, kada hankalinki ya tashi, amma an ce babu ni. Sabon gwamna ya ce asusun jiha ya rame, sai an tantance ma'aikata an fitar da na bogi. Ranar Litinin muka yi layi a sakatariya, kowa yana ɗora yatsa kan na'ura. Da aka zo kaina ta ƙi. Duka goman na gwada, ko ƙyas. Ashe shekara ashirin da shida ina gugar katako a ma'aikatar ayyuka, zanen yatsuna ya shafe sumul. Mai kwamfutar ta sa ni cikin na bogi, ga ni tsaye gabanta da tumbina!

Wallahi na tsorata. Idan kwamiti bai yarda da ni ranar Alhamis ba, aiki ya tafi, fansho ya bi shi. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Kafinta

Maman yara,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi?

Albishirinki! Sabuwar kwamishina ce ta jagoranci kwamitin, mace ba fara'a. Ta duba takarduna, ta ce na bogi ma suna da irinsu, in kawo wata shaidar. Can idona ya sauka kan kujerar da take zaune. Na roƙe ta ta miƙe, ɗan sandanta yana ta hararata. Kafin a taɓa kujerar na faɗa musu abin da za su gani a ƙarƙashi, wato harafin farko na sunanki da shekarar da na ƙera ta.

Aka kifa ta, ga shi nan. Aka kifa bencin da nake zaune, har teburin sai da aka leƙa, duk yana nan. Kwamishina ta yi dariya har da cire gilashi. Ta sa hannu da kanta, ta kuma ce za a sake buɗe shagonmu na kafintoci da aka rufe, a daina sayo kujerun waje masu karyewa a wata uku.

Kin daɗe kina cewa wannan sassaƙar wauta ce, wai wa zai leƙa ƙarƙashin kujera. To, yau yatsuna sun ƙi ni, sunanki ne ya tsaya min.

Ki dawo haka nan, gidan ya yi shiru.

Mijinki,
Kafinta