Kunkurun Baban Yara da Bangon Mai Burodi

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ƙafar nan taka, ta bar kumburi? Yaya fama da ruwan sama a wurin aikin gadar? Mu nan lafiya lau, yara sun bugo daga makaranta, suna gaishe ka. Tun da ka zaɓi aiki a inda waya ba ta shiga, ga ni na koma biro da takarda, direbanku kuma ya ce ba zai jira ni ba, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Maganar baƙonka ce, kunkurun nan mai zanen damisa da ka tsamo daga gaban katafila, ka kawo mini a kwali ka koma aiki. Na sa masa suna Gaggawa, domin rannan ya tashi daga ƙofar kicin da hantsi, bai isa falo ba sai da na gama ɗinkin riga guda. Ka san ban yi murna da zuwansa ba. Amma a duk zamanmu ba ka taɓa roƙona komai ba, kai da ko maɓallin rigarka ne ya cire sai ka ɓuya ka ɗinke abinka. Sai ranar nan ka tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ka ce in riƙe maka shi amana. To, na riƙe.

Banɗakin baƙi na ba shi gaba ɗaya, tun da kowa ya san kunkuru da son ruwa. Kullum da safe ina yi masa wanka, in watsa ruwa a tayil don wurin ya yi masa sanyi, in yanka masa latas da ayaba. Ko kai ban yi maka wannan hidimar ba.

Sai dai 'yan kwanakin nan ban gane masa ba. Hancinsa na yoyo, wani lokaci har da 'yan kumfa ƙanana, in ka kasa kunne kuma sai ka ji ɗan fito a numfashinsa. Abincin jiya yana nan yadda na ajiye. Na ɗaga shi na ji kamar ya rage nauyi, ko kuwa fargaba ce ta sa na ji haka, ban sani ba. Gobe zan kai shi wurin likitan dabbobi. Kada ka ta da hankalinka, wataƙila ƙura ce ta shige masa hanci.

Sai labari mai daɗi. Na ci nasara a kan Mai Burodi! Ka san tun da ya gina tanderunsa a jikin bangon ɗakinmu na baya ɗakin ya ƙi zaunuwa, na kwaso keken ɗinkina na dawo falo, masu kawo ɗinki suna zama a kan kujerarka. To, na yi ta sintiri wurin mai ginin da muke haya har ya gaji da ganina, ya ce wa Mai Burodi ya rushe tanderun ya mayar da shi can ɗaya gefen. An yi magana da magini, mako mai zuwa za a rushe tanderun. Yanzu in mun haɗu a hanya sai ya sunkuyar da kai, ni kuwa ko a jikina.

Ka riƙa shan maganinka. Ka gaishe da mai dafa muku abinci, ka ce na ce ya rage maka gishiri.

Taka,
Maman yara

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Taka ta iso, na karanta. Layi ɗaya ka tambayi lafiyata, sauran shafin duk na Gaggawa ne. Ba komai, na gode.

Na kai shi. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarmu ba, amma da na faɗa mata inda yake kwana sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Cikin ladabi ta wanke ni tas. Ashe irinsa kunkurun tudu ne, ɗan rana da busasshiyar ƙasa, ba ruwansa da zaman ruwa. Ta ce, "Mama, sanyi da danshin nan su suka kama shi." Latas da ayaba ma ba cimarsa ba ce, ciyawa yake so. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce ba ta da tabbacin ko ciwon ya tsaya a hanci ko ya gangara huhu, ta ɗebi majinar za a duba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ta ce kunkuru ba ya iya tari. Duk abin da ya taru masa a ƙirji ba shi da hanyar fitar da shi, sai dai ya miƙe wuya ya buɗe baki. Na tuna sau nawa na ga yana haka na ɗauka hamma yake yi. Ta yi masa allura a ƙafar gaba, ta ba ni na ɗigawa a hanci, sannan ta ja mini kunne cewa maganin ba zai yi aiki ba in jikinsa bai yi ɗumi ba. Ɗumi take so dare da rana, ba yankewa.

Nan na shiga uku. Na sayo ƙwan fitila mai zafi kamar yadda ta ce, amma ka san halin wutarmu da damina, hadari na haɗuwa za a ɗauke. Na cika gora da ruwan zafi na naɗe a tsumma, kafin wani lokaci ta huce. Gawayi kuwa ta hana, saboda hayaƙi. Gaggawa ya daina fito da kai, idanunsa suka kumbura. Na zauna a gabansa ina tunanin da wane baki zan gaya maka.

Shekaranjiya da safe na duba kwalinsa ba ya ciki, ya ture gefe ɗaya ya fita. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan firiji, har bakin titi na leƙa ba mayafi. Ka san inda na same shi? A ɗakin baya, cikin ƙyallayen da na tara. Ya manna jikinsa da bangon tanderu, ya baje ƙafafu, ya miƙe wuya a ƙasa yana barci. Marar lafiyar da ko kai ba ya ɗagawa, shi ya ja jiki ya ratsa gidan nan kaf. Na auna zafin wurin da ma'aunin da likita ta ba ni, na buga mata. Ta ce kada in kuskura in ɗaga shi daga nan, abin da take nema ke nan, in dai bar masa hanyar matsawa in zafin ya ishe shi.

Ina ajiye wayar sai na tuna maginin da zai rushe tanderun na tafe.

Baban yara, na sha kai ƙarar Mai Burodin nan, har na taɓa ce masa a gaban ma'aikatansa ya mayar mini da ɗaki gidan wuta. Na yi ta kai da kawo a falo, sau biyu ina sa takalmi ina cirewa. Daga ƙarshe dai na haɗiye girman kaina na zagaya. Na same shi fari fat da fulawa har gira. Da ya gan ni sai ya riga ni magana, ya ce Hajiya ki ƙara haƙuri, saura kaɗan ki huta. Na ce ba wannan ta kawo ni ba, roƙo na zo yi, kada ya rushe. Ya ɗauka gatse nake yi. Sai da na ja shi har ɗakin ya gani da idonsa.

Ƙaton mutumin nan ya tsuguna a gaban kunkuru. Ya sa bayan hannu a bangon, ya tambaye ni wane lokaci ya fi hucewa. Sannan ya miƙe ya ce shi ke nan, zai sallami magini. Ko kalma ɗaya bai tayar ba a kan abin da ya wuce, da ma ya yi mini gori da na fi samun sauƙi. Mai gini kuwa da na je janye ƙarata, kallon da ya yi mini ba sai na faɗa maka ba.

Keken ɗinki zai ci gaba da zama a falo, kujerarka kuma sai yadda ka gan ta. Ka taya mu da addu'a, har yanzu bai ci komai ba.

Taka,
Maman yara

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Direba ya ce ka rame. Ban ji daɗin wannan ba, za mu yi maganar in ka dawo.

Sakamako ya fito. Ciwon ya fara taɓa huhu, amma likita ta ce an tare shi da wuri. Na yi ta kai shi allura a cikin kwandon wankina, naɗe da tawul, masu adaidaita har sun san mu. Na koyi ɗiga masa magani, wanda sai ka yi zaman jiran ya ga dama ya fito da kai. Da rana in sa shi a ruwa mai ɗumi iya ƙafafu don ya sha, in goge shi tas, in mayar da shi jikin bangonsa. Ciyawa kuwa ni da kaina nake tsinko ta a bayan makarantar unguwa, inda ba a fesa magani, mutane na wucewa suna gaishe ni da wani irin kallo.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na zauna rubutun nan tun direba bai iso ba.

Ruwan makon jiya ya cinye hanyar da motar fulawa ke bi. Gidan burodi ya tsaya cak, aka sallami ma'aikata sai an gyara. Wuta kuma ta tafi gaba ɗaya, an ce turke ne ya faɗi. Matar Mai Burodi ce ta gaya mini a bakin famfo, na dawo gida cikin damuwa, domin a lokacin ne numfashin Gaggawa ya fara daidaita, likita kuma ta ce in sanyi ya sake kama shi yanzu ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Na tara duk gorunan gidan nan na jera. Na san ba za su isa ba.

Rana ta farko bangon da sauran ɗuminsa, na ce na jiya ne. Washegari da safe na shiga ɗakin ina fargabar taɓawa. Na ɗora hannu, sai na ji shi da ɗumi kamar kullum. Na tsaya ina shinshina iska. Shekara da shekaru ƙanshin burodi ke tashina daga barci, amma ranar babu shi, sai ƙaurin itace kaɗai.

Na zagaya. Ƙofar gaba a rufe, ta baya a buɗe. Tebur a share, farantan gashi a kife, ba kowa sai shi kaɗai a kan benci, yana tura itace cikin tanderun da babu ko burodi ɗaya a ciki. Kai ka san tsadar itace da damina, ga shi ba ciniki. Da ya gan ni sai ya daburce kamar na kama shi yana sata. Wai tanderu in ya huce tsagewa yake yi, don kansa yake hurawa. Na ce to, na juyo. Da yamma matarsa ta ce mini ƙarya yake yi, sau nawa suna rufewa su yi tafiya tanderun bai tsage ba. Ta ce tun asuba yake fita, har cewa ya yi wai akwai marar lafiya a jikin bangonsa.

Haka ya yi ta yi har motar fulawa ta dawo. Na kai masa abin da zai rage asarar itacen, ya ɓata rai ya ce in na sake zai ji haushina. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini a gabansa ba, ni da ka sani. Yanzu dai na auna shi da ido, ina ɗinka masa rigunan aiki shi da ma'aikatansa, in ya so ya yi fushin.

Jiya da hantsi ina zaune a ɗakin ina warware wani ɗinki, gumi na zuba, sai na ji ƙurus ƙurus a bayana. Na waiga. Gaggawa ne ya taka ciyawa da ƙafa ɗaya yana fizga da baki. Hancinsa a bushe, idanunsa tar. Ya cinye, ya ɗago kai ya dube ni kamar yana tambayar ina saura. Na fita da gudu na buga ƙofar gidan burodi, mutumin nan ya baro kwaɓinsa ya zo, muka tsaya mu biyu, manya da mu, muna kallon kunkuru yana cin ciyawa. Likita ta ce a ƙarasa allurar, amma in sha Allahu an tsallake.

Na gode wa Allah, na gode wa yarinyar nan likita. Kai ma na gode, ko da yake ban gama yanke shawarar ko ka cancanta ba. Amanarka tana nan da ranta.

Abu ɗaya nake so ka yi mini. Ranar da za ka dawo, in direba ya sauke ka, kada ka fara shigowa gida. Ka zagaya da jakarka ka shiga gidan burodi, ka ba mutumin nan hannu, ka gaishe shi da kyau. Ni da Gaggawa za mu jira.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman yara