Kwanukan Mama Goma Sha Ɗaya

Unguwar Ɗantani, Tudun Wada
9 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aikin asibiti, ya kuma kewar 'yarki? Mu nan lafiya, sai godiya ga Ubangiji. Na koma rubutu a takarda ne saboda duk sanda na kira ki, ko kina kan aiki, ko sabis ya ɗauke, ko Mami ta ƙwace wayar. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki in na hau tudun firamare, inda ake samun sabis.

Mami yau shekararta biyu da wata biyu. Haƙoranta goma sha shida. Na ƙirga kalmomin da ta iya, talatin da ɗaya ne, amma wadda ta fi riƙewa ita ce "a'a". Ƙarfe biyar da rabi take tashi, kuma in ta tashi kowa ya tashi. Jiya a coci ta cire takalminta ta jefa cikin kwandon baiko, wanda ake zuba sadaka a ciki. Tun da kika kawo ta yaye wurin Mama, Mama kuma ta rasu ta bar mini ita, ban yi barcin awa biyar a jere ba. Ba ƙorafi nake ba, Yaya, faɗa miki kawai nake.

Saura kwana goma sha shida Kirsimeti, ta farko babu Mama. Na sauko da kwanukanta na rabon abinci daga saman kabad, goma sha ɗaya ne cif, kowanne da murfinsa. Ga yadda nake tuna tsarin, ki gyara mini in na yi kuskure. Ranar jajibere Malam Zakari maƙwabcinmu yake zuwa da wuƙarsa ya yanka dabbar, don maƙwabtanmu Musulmi su ci hankali kwance. Ranar Kirsimeti kafin a tafi sujada a zuba shinkafa da miya a kai gida goma sha ɗaya. Kwano na farko na Malam ne, kuma ƙaramin yaron gida da ya iya tafiya shi ke kaiwa. Bana Mami ke nan. Na tambayi Baba, ya ce shekara talatin da ɗaya ana yi ba a taɓa fashi ba.

Baba ya sayo taure. Mami ta sa masa suna "Mee", kullum tana kai masa dusa a tafin hannunta. Baba kansa dai sai a hankali. Yini yake a gindin darbejiya yana watsa wa kajin Mama tsaba. Sun kai ashirin da uku, zakaru biyar, sun cika tsakar gida da kashi, amma ko ƙwai bai yarda a taɓa ba.

Shekaranjiya a bakin rijiya Inna Furera, matar Malam, ta ce da ni, "Baraka, bana kuwa za mu ga kwanon Maryamu?" Da dariya ta faɗa, amma da ta ambaci sunan Mama sai ta sunkuyar da kai. Ina tsoron kada abin ya mutu a hannuna. Mudu nawa Mama take dafawa? Yaushe za ki zo?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Baraka

*

Kano
12 ga Disamba

Malama Baraka mai lissafi,

Na gaishe ki da aiki, ki gaida Baba da kyau. Na karanta takardarki a tsaye ina shan shayi, na yi dariya har na ƙware. Ke yanzu har haƙoran yarinya kike ƙirgawa? Takalmin da ta ba da baiko Allah ya karɓa.

Mudu shida. Albasa ki ninka abin da ranki ya ba ki, Mama ba ta rowar albasa. Tsarin da kika rubuta daidai ne, abu ɗaya kika manta: kada ki wanke kwano in ya dawo sai kin duba cikinsa, domin ba ya dawowa fanko.

Zancen zuwa kuwa, ki yi haƙuri. An sa ni aiki ranar ashirin da huɗu da ashirin da biyar, na roƙa har na gaji, sai ashirin da shida da safe zan taso. Kada ki ɗaga hankalinki. Shekara biyar kika yi a jami'a kina karatun dabbobi, taure guda ba zai gagare ki ba. Na aiko wa Mami rigarta da direban motar Doguwa, ja ce mai fulawa. Kada ki nuna mata sai ranar, in ba haka ba da ita za ta yi wanka.

Ki sumbace mini ita.
Yayarki, Salamatu

*

Unguwar Ɗantani
23 ga Disamba, da azahar

Yaya Salamatu,

Barka da yini. Ki zauna kafin ki karanta.

Tauren ya gagare ni. Jiya bayan mun dawo daga coci na jiƙa dawa mudu biyu a roba don kunun zaƙi. Na kishingiɗa a tabarma da niyyar minti biyar, na yi minti arba'in. Da na farka na tarar Mami ta ja robar har gaban Mee, tana tafa hannu tana cewa, "Ci! Ci!" Ya kusa cinyewa. Laifina ne, ba nata ba, ni na bar robar a ƙasa.

Yau da safe cikinsa ya kumbura kamar ganga. Na ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa, na zagaya da shi tsakar gida, duk abin da aka koya mana na yi. Ƙarfe goma ya kwanta ya kasa tashi. Na ruga gidan Malam Zakari, aka ce ya tafi Doguwa ta'aziyya, sai yamma. Na shiga gida uku, mata ne kawai, maza duk suna fadama wurin ban ruwa. Da na dawo idanun tauren sun fara juyewa. Baba ya ce in aka ƙara minti biyar mushe za mu binne. Ya ɗauko wuƙa, ya ce "Da sunan Allah", ya yanka. Goma da minti ashirin ke nan. Babu wanda ya gani sai ni da Mami, wadda na kasa janyewa a kan lokaci.

Na duba naman, lafiyarsa ƙalau, kayan cikin ne kawai na zubar. Yanzu haka ina soya shi don kada ya lalace, Mami tana goye a bayana tana ta kiran Mee.

Kin ga inda muka tsaya. Nama ga shi, amma ba yankan Malam ba ne, kuma babu halin sayen wani tauren kafin jibi. Baba ya ce, "Mayar da kwanukan saman kabad." In ban kai ba, unguwa za ta ce daga rasuwar Mama muka rufe ƙofa. In na kai, me zan ce musu? Ki ba ni amsa yau, zan sake hawa tudun da la'asar.

Ƙanwarki, Baraka

*

Kano
23 ga Disamba

Baraka,

Sannu, sannu. Ki daina zargin kanki, wanda bai yi rainon 'yar shekara biyu ba shi ke ganin laifin mai gyangyaɗi.

Ki saurare ni. Ki dafa, ki zuba, ki kai, ki ja bakinki ki yi shiru. Wa ya gani? Baba ya ambaci sunan Allah. Na tambayi wata abokiyar aikina Musulma, ta ce a saninta yankan Kirista bai haramta gare su ba, ko da yake ta ce wasu ba sa ci. To ina abin tayar da hankali? Ba guba za ki ba su ba. In kika je kina dogon bayani irin naki na minti kaza da minti kaza, sai ki sa wa mutane shakka a abin da babu komai. Shekara mai zuwa Malam ya yanka, shi ke nan, magana ta wuce.

Ba son ƙarya nake ba, kin san ni. Amma ba zan iya jure a ce Kirsimetin farko kwanukan Mama sun kwana a kabad ba. An kira ni ɗakin haihuwa, sai mun yi magana.

Salamatu

*

Unguwar Ɗantani
24 ga Disamba

Yaya,

Barka da jajibere. Ina fata aikin jiya ya zo da sauƙi. Ki yi mini afuwa, ban bi shawararki ba. Na karanta takardarki sau huɗu. Abin da ya tsaya mini shi ne, ko ya halatta ko bai halatta ba, ba ni da ke za mu yanke musu ba. Shekara talatin da ɗaya suna buɗe kwanon Mama ba su taɓa tambayar wa ya yanka ba.

Ƙarfe bakwai na goya Mami na shiga gidan Malam. Na same shi a zaure, ɗalibansa sun tashi, Inna Furera ta kawo masa koko. Na durƙusa na gaishe su, na faɗa musu komai, tun daga robar dawa har goma da minti ashirin.

Inna Furera ta kama haɓa ta ce, "Oh ni! Yarinyar nan, tashi, ai mun riga mun ji."

Na ce, "A wurin wa, Inna?"

Ta nuna bayana. Ashe jiya da yamma, ina can ina fama da suya, Mami ta zame ta bi ta ɓular darnin nan da take bi in tana son ƙosai, ta tsaya gaban Inna ta ce, "Mee, Kaka," ta ja yatsa a wuyanta. Sau uku ta yi, wai don kada a ce ba a gane ba.

Inna ta ce, "Na ce da Malam, in kwano ya zo mu karɓa mu yi godiya, mu san yadda za mu yi da shi. Ya ce in yi shiru, 'yar Maryamu ce, za ta zo da bakinta."

Yaya, da na bi ta waccan hanyar, da sun karɓa da fara'a, da kuma yardar da ke tsakaninmu ta ƙare har abada.

Malam ya ce, "Baraka, don ta ni da na ci. Mahaifinki Sale maƙwabcina ne tun kafin a haife ki, na san hannunsa. Amma gida goma sha ɗaya ne, kowa da zuciyarsa, kada mu sa wani cikin damuwa a ranar farin cikinku. Tauren ku ci da mutanen cocinku." Sai ya miƙe ya ɗauko wuƙarsa daga jikin rufi, ya ce, "Mu je. Ni dai na wasa ta tun shekaranjiya."

Na bi shi ban san me zai yanka ba. Ya sami Baba a gindin darbejiya, suka gaisa, ya zauna kusa da shi. Kajin suna ta tsattsagar tsaba a gabansu. Malam ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Sale, waɗannan zakarun ba su barin kowa barci a unguwar nan. Da mai su tana nan, da tuni sun ga tukunya."

Na ɗauka Baba zai ɓata rai. Can sai ya ce, "Da tun bikin Ista ta gama da jan zakaran nan." Ya tashi da kansa ya fara kamu. Kin san rabon da in ga Baba yana gudu? Mami ta sauka tana taya shi, ita a zatonta wasa ne, ta kori biyu har cikin rumbu. Baba ne ya riƙe wa Malam duka biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ban bi shi ba.

Inna Furera ta ara mini babbar tukunyarta, miyar kaza daban, ta taure daban, ludayi ma daban. Na lissafa, kowane kwano zai sami tsoka uku. Bayana kamar zai ɓalle, ga albasa ban ko fara yankawa ba. Mami kuma ta gano inda na ɓoye jar rigar.

Ƙanwarki, Baraka

*

Unguwar Ɗantani
25 ga Disamba

Yaya Salamatu,

Barka da Kirsimeti. Na ga saƙonki na jiya, babu abin yafewa, ki daina kuka a wurin aiki.

Kwano goma sha ɗaya suka fita kafin ƙarfe takwas. Na farkon ya fi ƙarfin Mami, sai ta ɗauki murfin ni na ɗauki kwanon. Sau biyu ta zauna a hanya, da muka isa kuma ta ƙi ba Malam murfin, ta ce "a'a".

Duka sun dawo, na duba kamar yadda kika ce. Gyaɗa a huɗu, rake a biyu, dankali, dabino, ƙuli-ƙuli, alewa, sai na Inna Furera da ƙwai bakwai. Ta ce miyar ta yi, amma albasata ba ta kai ta Maryamu ba. Ƙwan kuma ba na ci ba ne, na kazar da jan zakaranta ya taka ne, a sa wa kazar Mama ta kwanta, tunda ba mu da zakara yanzu. Baba ya karɓa, shi ya jera su da hannunsa.

Gobe in kin iso, 'yarki na hannunki. Kada kowa ya tashe ni.

Ƙanwarki, Baraka