Kwano Ya Dafa Albasar Baffanka

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Yau Talata, kasuwa na ci, amma ciwon ƙafa ya hana ni fita. Na kasa zaune, na kasa kwance. Ina fata kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Legas?

Kwanon da ka aiko an rufa shagunan nan uku da shi. Tela da mai kayan masarufi sai sa maka albarka suke yi. Kuskuren yana a na ukun, inda baffanka Isa ke ajiye albasar da ya nomo a Bakura. A da rufin ciyawa ne, iska na ratsawa ta ko'ina. Ni na matsa wa kafinta ya buga kwanon bai ɗaya, ya toshe kowace kafa, don jerin ya yi kyau.

Jiya Isa ya buɗe ƙofa, zafi da wari suka tarbe shi. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, albasa ba atamfa ba ce, iska take so. Ka dafa mini ita tun ba ta ga kasuwa ba." Albasar da ke ƙasa ta fara ruwa. Idan ba a ɗaga rufin cikin makon nan ba, noman raninsa duka ya tafi, kuma ni ne sanadi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe mini da surukanka. Kafintan ya yi alkawarin zuwa yau daga Maradun. Tun hantsi nake leƙen hanya, ga shi an sallame la'asar bai zo ba.

Mahaifinka.